Raddi ga masu cewa a goge asusu ɗaya a sake daidaitawa

Wani ɗan'uwa cikin masu kula da sabar imel ya daɗe yana koya wa na ƙasa da shi cewa idan adireshi ɗaya ya fito a wuri biyu lokacin da Microsoft Entra Connect ke daidaita Active Directory na ofis da kundin Microsoft 365, magani shi ne a goge asusu ɗaya, a sake daidaitawa daga tushe. Ina ganin girman malam, amma wannan koyarwa tana iya salwantar da wasiƙun mutane, shi ya sa zan bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce tunda adireshin ɗaya ne, mai shi ma ɗaya ne. Manhajar ba ta faɗi haka ba. Saƙon kuskuren da take bayarwa, AttributeValueMustBeUnique, iyakar abin da yake nufi shi ne abu biyu suna riƙe da rubutu iri ɗaya a gurbin proxyAddresses ko na userPrincipalName. Na biyun yana iya zama rukunin rarraba saƙo, ko akwatin haɗaka na wani sashe, ko katin wani ɗan kwangila, ko asusun ma'aikacin da ya bar aiki aka rufe ba a cire masa adireshi ba. A ofisoshinmu kuwa, inda ake haɗa adireshi daga sunan mutum da na mahaifinsa, samun ma'aikata biyu da sunayensu suka zo ɗaya ba baƙon abu ba ne. Buɗe gurbin ka duba da idonka, malam: za ka ga wani yana riƙe da adireshin da SMTP: na manyan baƙaƙe, wato babban adireshinsa, ɗayan kuma da smtp: na ƙanana, wato ƙari ne kawai a wurinsa. Layi ɗaya ne ya yi karo. Don me za a rushe ɗaki saboda ƙusa ɗaya ta karkace?

Ya ce gogewa ba ta da haɗari, tunda asusun da aka goge yana zama kwana 30 kafin ya ɓace. Kwana 30 gaskiya ne. Amma wa ke neman akwatin tsohon akanta cikin wata guda? Sai masu binciken kuɗi sun zo ake tunawa da shi, a lokacin kuwa ya tafi, sai dai in an riga an sanya masa riƙo mai hana a shafe wasiƙunsa. Akwai kuma ɓarnar da malam bai ambata ba, kuma ita ta fi damuna. Exchange yana gane kowane akwati a cikin gida da wani tsohon adireshi mai suna legacyExchangeDN, Outlook kuma yana ajiye shi cikin sunayen da yake cike wa mutum da kansa. Idan ka goge akwati ka ƙirƙiri sabo, ko da adireshin imel bai sauya ba, wancan na ciki zai iya sauyawa. Sai abokan aiki su danna amsa a kan tsohuwar wasiƙa, ta dawo musu da dogon rubutu mai farawa da IMCEAEX. Gyaran shi ne a maƙala wa sabon akwatin tsohon adireshin a matsayin X500, wanda ya goge da gaggawa kuwa bai kwafe shi ba.

Ya ce cikakkiyar daidaitawa tana wanke komai. Ina! Manhajar tana zagayawa duk minti 30, kuma abin da ke cikin kundin gida, wato Active Directory na ofis, take ɗauka ta kai. Asusun da aka daidaita, ikonsa yana Active Directory. Muddin karon yana nan, cikakkiyar daidaitawa za ta sake karanto shi ne kawai.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce tun 2016 Microsoft ta kawo tsarin da ke hana karon adireshi tsayar da aiki, don haka matsalar ta mutu. Tsarin yana nan, amma killace rubutun da ya yi karo yake yi, ba ya yanke wa ya cancanta. Idan sunan shiga ne, sai ya ba mutum na wucin gadi mai ƙarin lambobi 4 da ƙarshen onmicrosoft.com. Ma'aikaci ya zo da safe, ya rubuta sunan da aka ba shi, a ce ba a san shi ba. Idan kuma adireshin ƙari ne aka killace, wasiƙarsa tana iya faɗawa akwatin takwaransa ba wanda ya sani, wataƙila takardar albashi ce ko ta asibiti.

Abin da ya kamata shi ne a nemo abubuwan biyu da IdFix ko PowerShell, a tambayi sashen kula da ma'aikata wa ke da adireshin, a cire layin daga wanda ba nasa ba a kundin gida. Aikin da ke duba abubuwan da aka killace yana gudana duk awa, zai mayar wa mai shi da kansa. In kuwa ya tabbata mutum ɗaya ne da asusu biyu, ɗaya an buɗe shi a Microsoft 365 tun kafin a fara daidaitawa, haɗa su ake yi: ko ta daidaita babban adireshin, ko ta sanya ImmutableID ya dace da abin da ke cikin ms-DS-ConsistencyGuid. A kuma kwafe proxyAddresses da legacyExchangeDN na duka biyun a ajiye kafin a taɓa komai.