Samarin Da Suka Ƙetare Teku Da Ƙwallo Da Wa'azi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sāke ba ni filina na kowane mako. Yau labarin waɗansu samari Kirista 'yan Amurka zan kawo wa jama'a, waɗanda suka ɗauki ƙwallo suka tafi wa'azi wata ƙasa mai nisa a shekarar 1952. Na san yawancin masu karatun wannan shafi Musulmi ne, ni kuwa a makarantar mishan na yi karatu. Duk da haka ina ganin akwai abin tunani a ciki ga malamin allo da malamin boko da mu akawuna baki ɗaya.

Wasan da su ke yi shi ne ƙwallon kwando. Wani malami, James Naismith, shi ya ƙago shi a 1891, a makarantar Ƙungiyar Samarin Kirista, watau YMCA, a garin Springfield, don almajiransa su sami abin motsa jiki cikin ɗaki lokacin sanyi. A kan rataye kwando ƙafa goma daga ƙasa, mutum biyar biyar su kara, kowane ɓangare yana ƙoƙarin jefa ƙwallo a ciki. Mutanen wannan ƙungiya su suka kai wasan ƙasar Sin tun kafin shekarar 1900, ya kuwa karɓu ƙwarai.

A 1949 'yan Kwaminis suka ci yaƙin basasa a Sin. Shugaban da aka kayar, Chiang Kai-shek, ya ƙaura zuwa tsibirin Taiwan, wanda Turawa ke kira Formosa a lokacin, mutum fiye da miliyan ɗaya suka bi shi, soja da farar hula. Waɗannan mutane sun rabu da gida da gona da dangi, ba su san ranar komawa ba. Masu aikin mishan ma dole ta sa suka bar babbar ƙasar. Cikinsu akwai Dick Hillis, wanda ya koma Taiwan da aikinsa. Ya lura taron da a ke samu a filin ƙwallo ya ninka na majami'a nesa ba kusa ba, sai ya aika Amurka neman samari waɗanda suka iya wasa, suka kuma riƙe addini. Uwargidan Shugaba Chiang, wadda Kirista ce, a Amurka kuma ta yi karatu, ta goyi bayan abin.

Wanda ya amsa kira shi ne Don Odle, mai koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Taylor, cikin jihar Indiyana. Ya tara ɗalibai, suka ƙetare Tekun Fasifik cikin hutun makaranta, suka sa wa ƙungiyarsu suna Venture for Victory, watau fita neman nasara.

Ga yadda su kan yi. Su isa gari ko barikin soja, su kara da 'yan wasan wurin. Idan aka tafi hutun rabin lokaci, sa'ad da kowane ɗan wasa ke bukatar ya zauna ya sha ruwa, sai su tsaya tsakiyar fili da guminsu, su yi waƙa, ɗaya ko biyu su faɗi abin da ya sa suka ba da gaskiya, tafinta yana juyawa. Wanda ya ke son ƙarin bayani sai ya ba da sunansa, a riƙa aika masa da darussan Littafi Mai Tsarki ta gidan waya. Wanda ba ya so, ya kalli ƙwallonsa ya koma gida.

To, jama'a, a nan ne maganar ta ke. Wani zai ce, ai wannan ƙugiya ce aka sa wa tsutsa. An kira mutum kallo, an ɗura masa wa'azi. Wannan suka tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Amma a ganina abin da ya raba yaudara da gayyata shi ne bayyana nufi. Idan baƙo ya faɗa tun da fari cewa ga abin da ya kawo shi, ya nemi iznin masu gari, bai tilasta wa kowa ba, bai kuma saye kowa da kyauta ba, to, bai yi ha'inci ba. In kuwa ya ɓoye, ya tara yaran mutane da sunan wasa ba da sanin iyayensu ba, ya ci amanar masauki, kome kyan abin da ya ke ɗauke da shi.

Abu na biyu, wanda zai yi wa'azi a rabin lokaci ya ɗora wa kansa kaya mai nauyi. Dubban idanu sun riga sun ga yadda ya yi wasa kafin kunnuwa su ji abin da zai ce. In ya yi ƙeta, ko ya yi wa alkalin wasa tsawa, ko ya wulakanta wanda ya fi shi rauni, tafinta ba shi da dabarar gyara wannan. Kowane malami da ya taɓa tsayawa gaban almajirai ya san haka.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Samari su zo mako kaɗan, a kashe kuɗi masu yawa a jirgi da masauki, su koma. Me ya rage a baya? Amsar da ta dace ita ce komowa, da barin aiki a hannun 'yan gari. Odle ya yi ta komawa gabashin Asiya da sababbin samari, har mutanen Taiwan suka amince da shi suka ba shi horon ƙungiyar ƙasarsu domin shirin wasannin Olamfik na 1960. Ba a ba baƙon kwana ɗaya irin wannan amana. Aikin da ya fara ya ci gaba da sunan Sports Ambassadors, a 1966 kuma aka kafa wata ƙungiya mai irin wannan nufi, Athletes in Action.

Irin waɗannan ƙungiyoyi su kan zo ƙasashen Afirka har yau. Shawarata ga hakimai da shugabannin makarantu ita ce, in sun zo, a karɓe su da mutunci, a kuma tambaye su abu uku: me ya kawo ku, iyayen yara sun sani, wa kuma za ku bari a nan in kun tafi? Baƙon kirki ba zai ji haushin tambaya ba. Malaman da ke kai yaranmu wasa waɗansu garuruwa kuma su tuna, halin yaran nan a fili da shi za a auna garin da suka fito.

Wanda ya ga ba haka ba ne, fili na nan, ya rubuto mu ƙaru.

Haza wasalam. Ni ne naku,

Akawu