Ra'ayinmu: Awon sama ma yana buƙatar mai duba shi

Duk wanda ya taɓa auna gero a kasuwar Sarkin Hausa ko ta Tasawa ya san cewa tiya ita ce amana: in ta lanƙwashe, sai rigima. To yau akwai wata sabuwar tiya da ta shigo mana, wato na'urar GPS, wadda ake auna gonaki, filaye da burtali da ita, ake kuma bin sawun motocin kaya.

Ita wannan na'ura tana karɓar saƙo ne daga taurarin ɗan Adam da ke nisan kilomita wajen 20,000. Kafin saƙon ya iso, sai ya ratsa wani ɓangare na sama, daga kilomita 60 zuwa 1,000, inda hasken rana ke cika iska da lantarki. Masana na kiransa ayonosfiya. Shi ne ke maido da muryar rediyo mai gajeren zango ƙasa har mu ji ta. Amma yana jinkirta saƙon GPS, awo ya kauce da mitoci da dama, abin da ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa a kan iyakar gona. A yankinmu abin ya fi tsanani bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Oktoba. A Mayun 2024, da rana ta yi aman wuta, manoma a Amurka sun tsayar da shuka saboda GPS ɗin taraktocinsu ya rikice.

Maganin shi ne taswirar wannan sama. Masana na haɗa abin da kwamfuta ta yi hasashe da abin da aka auna a zahiri, kamar yadda ɗan kasuwa ya san farashin kaka, amma sai ya buga waya Maraɗi ya gyara lissafinsa. Taurari 6 da Amurka da Taiwan suka harba a 2019 suna wannan awo a kan ƙasashe masu zafi irin namu. Sai dai tashoshin awo na ƙasa sun yi ƙaranci a Afirka, don haka taswirar samanmu ta fi ta Turai yawan kintace.

Muna kira ga hukuma da ta kafa irin wannan tasha a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, a horar da yaranmu su riƙe ta. Ku kuma ƴan kasuwa, maza da mata, in za ku sayi fili a gundumar Mayahi, ku sa a auna da safe, a maimaita awon wata rana. Kada lambobin na'ura su sa ku raina shaidu, turakun iyaka da takardar hukumar filaye. Kuɗin da aka tara da guminsa bai kamata a jingina shi ga awo ɗaya ba.

Allah ya sa mu dace.