Dodon Kara Da Ƙwan LED: Tashe Na Buƙatar Masu Haɗa Waya

Duk ƙarshen watan Oktoba, TikTok da YouTube kan cika da bidiyon gidajen Amurka da aka yi wa ado da kayan ban tsoro: ƙwarangwal a bakin ƙofa, kabewa mai haske a ciki, gizo-gizon da ya kai girman akuya. Bikin Halowin ke nan na ranar 31 ga Oktoba, wanda Amurkawa ke kashe wa sama da dala biliyan 10 a shekara. A 2020 kamfanin Home Depot ya fito da wani ƙwarangwal mai tsawon ƙafa 12 da idanu masu motsi, kuɗinsa kusan dala 300, mutane suka yi ta rububinsa. Amma bidiyon da suka fi armashi su ne na waɗanda suka haɗa nasu da kwali, bututun roba da tsohon moto.

Matashin da ke kallon wannan a Ajingi ko Gaya ba ya buƙatar Halowin. Bikin ya samo tushe ne daga al'adun mutanen Turai na dā, ba shi da gurbi a nan, kuma babu dalilin nema masa. Abin ɗauka a ciki fasahar ce kawai, kuma akwai al'adar gida da ke jiran ta: tashe.

Halin da tashe yake ciki

Daga goma ga watan azumi yara kan fito bayan shan ruwa, su bi gida-gida da wasanni, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Kayan wasan duk na hannu ne. Gemun tsoho na auduga, dokin Danda na kara, kayan Jatau mai magani na tsummoki da ƙulle-ƙulle, fuska kuma baƙin tukunya ya wadatar. A birnin Kano akwai tashen gwauro na Nalako, wanda manya ma ke fitowa kallo. Al'adar ta yi tafiya har ƙasashen waje: a Wagadugu ta Burkina Faso yara na yin wasan Dodo da fuskokin dabbobi a watan azumi, kuma ana danganta zuwansa can da fataken Hausawa.

Sai dai a shekarun baya-bayan nan rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sha fitar da sanarwar hana tashe, saboda ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan daba. Duk wanda aka taɓa ɗora wa wuƙa aka karɓe masa waya ba zai ce hanin ba shi da hujja ba. Amma idan aka yi shekara biyar, goma, yara ba su yi ba, wasannin za su tafi tare da waɗanda suka iya su.

Idan aka duba, abin da ɓarawo ke amfana da shi abu biyu ne: rufaffiyar fuska, da gungun da ke yawo lungu-lungu cikin duhu. To, me zai hana a cire duka biyun? A tsayar da wasan wuri ɗaya, a ƙofar gida ko dandalin unguwa, da haske, da manya zaune a gefe. Fuskar ban tsoron kuma a ɗora wa dodon kara, yara su yi wasansu kusa da shi fuska a buɗe. Dodon da aka kafe a ƙasa bai taɓa ƙwace wa kowa waya ba.

Kayan aikin suna bayan gida

Ajingi ƙasar noma ce, kuma a shekarun nan azumi na faɗowa ne a rani, lokacin da karan dawa da na gero suka bushe suna jibge. Yaron da ya taɓa yin motar kara ya riga ya san yadda ake fere ɓawo a soke shi cikin totuwa. Wannan ilimin ya isa a haɗa gangar jiki: kara uku ko huɗu a ɗaure su zama ƙashin baya, biyu a gicciye su zama hannuwa, a lulluɓe da tsohon buhu. Kai kuma fasasshiyar ƙwarya ko duma, a huda idanu da baki.

Wutar ce ke ba shi rai. Jan ƙwan LED na buƙatar kusan volt 2 da 20mA. Batirin 18650, irin wanda ake samu a cikin tsohon batirin laftof ko tocila mai caji, yana ba da volt 3.7, ya kai 4.2 idan ya cika. Idan aka haɗa su kai tsaye ƙwan zai ƙone, shi ya sa ake sa rezista a tsakani. Lissafin mai sauƙi ne: a cire 2 daga 3.7, saura 1.7, a raba da 0.02, ya ba da 85. Rezista mai ohm 100 ta yi daidai, kowane ido da tasa. Idanu biyu za su ja kusan 40mA, wato batir mai 2000mAh zai riƙe su wajen awa 50. Ko da tsufa ya cinye rabin ƙarfinsa, zai kai awa biyu kullum har dare goma ba a yi caji ba.

Mai son ya ƙara gaba sai ya nemi na'urar jin motsi, HC-SR501, wadda ke gane ɗumin jikin mutum idan ya gifta daga nisan da ya kai mita 7. A haɗa ta da Arduino Nano, idanun ba za su kunnu ba sai wani ya matso. A ƙara DFPlayer Mini da memori da sifikar tsohuwar rediyo, dodo ya samu murya, kuma muryar da waya za a naɗe ta. Ƙaramin moto na SG90 zai iya motsa muƙamuƙin kwali. Umarnin da za a rubuta bai wuce layi talatin ba: idan an ji motsi, kunna ido, saki sauti, jira daƙiƙa goma, kashe. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya rubutawa ya tura da manhajar ArduinoDroid ta igiyar OTG. Abin lura ɗaya: yawancin fawabank kan kashe kansu idan abin da ke jan wuta ya yi ƙanƙanta, don haka a gwada tun da rana.

Ana neman irin waɗannan kaya wajen masu sayar da kayan lantarki a Sabon Gari a Kano, ko a yi oda ta intanet. Ƙwayayen LED, sifika, makunni da siraran wayoyi kuwa, teburin mai gyaran rediyo ko waya na cike da su. Samari biyar su yi karo-karo, Arduino ɗaya ta ishe su.

Abin da za a ce, da amsarsa

Wani zai ce wannan Halowin ne aka sauya wa riga. Amsa ita ce Dodo ya riga intanet zuwa ƙasar Hausa, yana cikin tatsuniya tare da Gizo da Ƙoƙi, kuma manomi ya daɗe yana kafa mutum-mutumi a gona don korar tsuntsaye. Ƙwan LED da Arduino kayan aiki ne kamar allura da zare.

Wani zai kawo maganar hukuncin yin surar abu mai rai. Wannan tambaya ce ta gaske, kuma malamin unguwa ne zai amsa ta, ba masu bidiyo ba. Idan ya ce a'a, fasahar ba ta mutu ba: fitilar ƙwarya mai huda-huda, motar kara mai fitilu da hon, ko kwalin da ke yin gurnani idan an matso, duk da'irar wuta ɗaya suke amfani da ita.

Haka batun doka. Idan hukuma ta hana tashe a shekarar, hani ya hau kan kowa. Hanyar ita ce samari su je wa mai unguwa da dagaci da tsari a hannu tun kafin azumi: wuri kaza, daga bayan tarawihi zuwa ƙarfe kaza, babu rufe fuska, ga sunayen manyan da za su tsaya. Wanda ya zo da irin wannan ya fi samun kunnen hukuma fiye da mai ƙorafi a Facebook.

Sannan akwai haɗarin da babu jayayya a kansa. Busasshen kara, buhu da auduga abincin wuta ne, don haka kyandir da aci-balbal ba su da wuri a nan. Kada a ja wutar gida mai volt 230 zuwa abin da yara za su taɓa. Batir ya wadatar. Batirin 18650 da ya kumbura ko ya fashe a gefe a rabu da shi, mai kyau kuma a yi masa caji da allon TP4056 mai kariya. Ƙaramin batir mai kamar kwabo yana iya kashe yaro idan ya haɗiye shi, a ɓoye shi sosai ko a bar shi. Kada a kafa dodo a bakin titi inda mai babur zai firgita, kuma a rage sauti saboda tsofaffi, marasa lafiya da masu ibada.

Ribar da ta wuce dariya

Yaron da ya haɗa idon dodo ya koyi dokar Ohm ba tare da an kira sunanta ba. Wanda ya sa na'urar jin motsi ta yi aiki ya riga ya iya haɗa ƙararrawar tsaron shago ko garken awaki, da fitilar da ke kunna kanta a zaure. Wanda ya rubuta layi talatin ɗin nan ya shiga harkar rubuta manhaja ta ƙofar da ta fi kowace daɗi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, kan hanyar Kano, kuma ɗalibin da ya isa can da ƙonon dalma a yatsa ya riga takwarorinsa nisa.

Yankin nan ba baƙon ƙira ba ne. A labarin Bayajidda, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya tafi da ita Daura. Jikokinsu na da waya a aljihu, kara a bayan gida, da watanni kafin azumi ya zo. A fara da ƙwai biyu, rezista biyu da fasasshiyar ƙwarya, a gwada a zaure, a ga ko ƙannen gida za su ruga.