Mai Ɗaukar Hoton Ƙwarin Lambu Ba Zauna-Gari-Banza Ba Ne

A garuruwanmu, in aka ga saurayi ya durƙusa gindin kuɓewa da waya a hannu, ya ƙura wa wani ɗan ƙwaro ido yana jiran ya daina motsi, nan take za a yanke masa hukunci cewa ya rasa abin yi. Hoto a wurinmu na biki ne da suna da taron siyasa, kuma na fuskar mutum ne. Wanda ya juya kyamara ƙasa, wajen tsutsa da gizo-gizo da furen kabewa, ba ma ma san rukunin da za mu saka shi ba. Ni kuwa ina ganin wannan sha'awa ta cancanci a girmama ta, a kuma yaɗa ta, domin al'ummar da abincinta ke hannun ƙwari tana bukatar idanun da suka koyi bambanta su, kuma a yanzu ba mu da isassun irin waɗannan idanu.

Hoton kusa yana tilasta wa mai shi haƙuri. Idan ruwan tabarau ya matso dab da ƙwaro, abin da ke fitowa tar bai wuce kaurin milimita ɗaya ko biyu ba; idon ƙwaron ya fito, fukafukinsa ya dushe, iska ta ɗan kaɗa ganye komai ya wargaje. Shi ya sa masu wannan harka ke sammako, lokacin da sanyin asuba ya sa ƙwari sun yi laƙwas kuma iska ba ta taso ba. Wanda ya saba da irin wannan zama yana fara ganin abin da mai wucewa ba ya gani. Zai gane cewa wani abu mai kama da ƙudan zuma a kan fure ƙuda ne kawai mai fukafukai biyu, ba ya harbi, kuma tsutsarsa ƙwarin darɓa take ci. Zai gane cewa wata baƙar tsutsa mai kama da ɗan kada, wadda manomi zai yi gaggawar fesa wa magani, 'yar ƙwaron nan ce ja mai ɗigo-ɗigo baƙi, kuma ita ma aikinta cinye masu tsotse ganye. Zai lura cewa kabewa tana da fure namiji da fure mace a kan yaɗo guda, kuma in ƙudan zuma bai yi jigila tsakaninsu ba, 'yar kabewar za ta yanƙwane ta faɗi. Yawancin feshin da ake yi a lambunan fadama ana yin sa ne da tunanin cewa duk mai ƙafa shida maƙiyi ne, kuma wannan tunani yana cin kuɗin manomi, yana kuma kashe masu yi masa aiki kyauta.

Shekarar 2016 ta isa shaida. A waccan shekara wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta auka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki saboda rashin kaya, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo. Uwar tsutsar wata 'yar faɗa-wuta ce da tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, ita kuma tsutsar tana shiga cikin ganye ta cinye tsokarsa ta bar fata mai shara-shara. A farkon shekarar dai aka tabbatar da ɓullar tsutsar masara mai yaɗuwa kamar wutar daji a Afirka ta Yamma, har da Najeriya, ita ma daga nahiyar Amurka. Alamomin da ake gane ta da su ƙanana ne: zane a goshi kamar harafin Y a kife, da ɗige huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiya. Ido daga tsaye ba ya kama su, hoton kusa kuwa yana kamawa. Malaman gona ba su isa su shiga kowace gona ba, amma hoto mai kyau yana iya tafiya daga ƙauye zuwa teburin masanin aikin gona a Samaru cikin minti guda. Manhajoji irin su Nuru ta shirin PlantVillage ma an gina su ne a kan gane cuta da ɓarnar tsutsa daga abin da kyamarar waya ta gani.

Amfanin bai tsaya a gona ba. A 2011 wani ɗan Malesiya mai ɗaukar hoto don sha'awa, Guek Hock Ping, ya ɗauki wani koren ƙwaro mai fukafukai kamar raga ya ɗora a Flickr. Wani masanin ƙwari a Kalifoniya, Shaun Winterton, ya ci karo da hoton, ya ga zanen fukafukin bai yi kama da na kowane nau'in da ya sani ba. A 2012 aka bayyana ƙwaron a matsayin sabon nau'i, Semachrysa jade. A Jamus kuma, binciken da ya girgiza duniya a 2017, wanda ya nuna ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a tsawon shekara 27, ya dogara ne a kan tarkunan da ƙungiyar masu sha'awar ƙwari ta garin Krefeld ta yi ta kafawa tana aunawa. Jamusawa sun san abin da suka rasa saboda wani ya rubuta abin da ke akwai tun farko. Mu fa? Dattawa suna cewa malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma sun yi ƙaranci, mai yiwuwa kuma gaskiyarsu ce, amma babu ma'aunin da za a gwada maganar da shi. A manyan rumbunan bayanan halittu na duniya, abin da aka tara daga yankin Sahel ƙalilan ne idan aka kwatanta da na Turai da Amurka. Dandalin iNaturalist, wanda ya fara a 2008, yana karɓar hoto daga kowa, masana su taimaka wajen gane shi, waɗanda aka tabbatar kuma su shiga rumbun da masu bincike ke ɗiba. Hoton zanzaro daga Maraɗi ko Gusau yana cike gurbin da na Landan ba zai cike ba.

Masu suka suna da hujjoji, kuma wasu na da nauyi. Gaskiya ne hoto ba ya isa a gane kowane ƙwaro. Nau'o'i da yawa sai an kama su an duba a madubin bincike. Labarin Malesiya kansa ya nuna haka, domin sai da mai hoton ya koma dajin ya samo ƙwaron da kansa kafin masana su ba shi suna. Amma da babu hoton, babu wanda zai san akwai abin nema. Gaskiya ne kuma hoton da ba shi da kwanan wata da sunan wuri da sunan shukar da aka sami ƙwaron a kai ado ne kawai, kuma nan ne yawancin masu ɗorawa a Facebook ke yin asarar wahalarsu. Akwai kuma mummunar ɗabi'ar da ta shiga harkar a wasu ƙasashe, ta sanya ƙwaro a firji ya sandare ko a manne shi a reshe don hoto ya yi kyau. Wannan zalunci ne, kuma ƙarya ce, tunda yana nuna halittar a yanayin da ba nata ba.

Hujjar tsada ta yi rauni yanzu. Kyamarar ƙwararru da ruwan tabaranta na kusa sun fi ƙarfin talaka, amma wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin ɗaukar kusa, kuma ƙaramin gilashin da ake maƙala wa waya yana yin aikin da ya wadatar. Batun hukuncin hoto kuwa na malamai ne, kowa ya bi wanda ya amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hoton mai rai ba, ga furanni da ganyaye da alamun ɓarna a jikinsu, waɗanda su ma bayani ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce ƙwaro ya yi ƙanƙanta da a tsaya kallonsa, a cikin al'ummar da yaranta ke haddace surori masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo.

Makarantun sakandare masu lambu za su iya farawa da damina mai zuwa: kowane aji ya ɗauki kunya ɗaya, ya ɗauki hoton duk abin da ya sauka a kanta sau ɗaya a mako, da kwanan wata da sunan da mutanen garin ke kiran ƙwaron, a tura wa sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa.