Baje kolin masu zane: in Annasara bai zo ba, wa zai saya?

Jama'a ƴan kasuwa, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa, daga Magarya zuwa Gaya, maganarmu ta yau ta shafi wani abu da yawancinmu muke ɗauka harkar ƴan boko ce, wato baje kolin da masu zane da masu sana'ar hannu na gari suke haɗuwa su yi a zauren gidan matasa da al'adu.

Ga yadda abin yake. Mai zanen fenti, da baduku, da maƙerin azurfa, da mai zanen ƙwarya, babu wanda zai iya biyan kuɗin zaure da na wuta da na sanarwa a rediyo shi kaɗai. Shi ya sa suke haɗa kuɗi, kowa ya kawo aikinsa, a rubuta sunansa da farashi a gefe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma in an buɗe ƙofa, sau da yawa ƴan kallo ne ke cika wurin, masu saye kuwa sai ɗai-ɗai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru, Annasara ƴan yawon buɗe ido su ne manyan masu sayen waɗannan kaya, ko a Agadas, ko a gidan tarihi na Yamai da aka buɗe a 1959, inda masu sana'a suke aiki a gaban baƙi. Sai tawaye ya sake ɓarkewa a arewa a 2007, aka soke tseren motoci na Dakar a 2008 ya bar Afirka, aka kuma sace ma'aikata a Arlit a 2010. Tun daga nan baƙin suka ja baya. A 2024 an sauya wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai suna, ta koma Mustafa Alhasan. To, in suna ya dawo namu, ɗawainiya ma tamu ce.

Wani zai ce zane ba ya cika ciki. Mu tuna lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda duk hajarsa sai ta bi ta gaban duwan ya san abin da ya gani. Takalmi da jaka da alabe na dukawan Damagaram kuwa a gida ake yin su. A zauren baje koli ne ɗan kasuwa zai ga sabon samfuri, ya sadu da mai aikin ido da ido, ya yi oda ba tare da dillali ba. Wanda kuma yake ƙyamar hoton mai rai, akwai dagi da zayyana da aikin fata da babu wannan a ciki.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, mu je, mu saya, mu daina taya aikin wata guda da kuɗin goro. Na biyu, in mun kai kayan Jibiya ko Illela, mu faɗi sunan mai aikin da garinsu, domin suna shi ke ɗaga farashi, riba kuma ta kowa ce. Na uku, ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ɗauki nauyin kuɗin zaure ko sau ɗaya a shekara, su kuma masu zane su tsayar da ranar buɗewa ta dace da ranar kasuwa, su yi sanarwa da Hausa.

In baduku ya gaji ya jefar da basilla ya kama kabu-kabu, ba shi kaɗai ya yi asara ba, rumfunanmu ne za su cika da roba. Allah ya sa mu gane.