Abin Da Ya Riƙe Mu A Kurmin Mashi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana Kirista, musamman masu 'yar tireda da manoman ƙauye.

Duk mazaunin Kaduna ya san ɓarnar da rikicin watan Fabrairu da na Mayun 2000 ya yi mana, na Nuwamban 2002 kuma ya zo ya fama gyambon. Tun daga nan kogi ya zama iyaka. Kiristoci da yawa suka tsallaka gada zuwa Sabon Tasha da Narayi, Musulmin can kuma suka dawo Tudun Wada da Rigasa. Mu da muka zauna a Kurmin Mashi, 'yan uwa kan tambaye mu, wai me ya riƙe ku? Amsata ita ce bangaskiya, amma bari in faɗi irin wadda nake nufi.

Ku dubi Fasto James Wuye. A rikicin Zangon Kataf da ya fantsamo Kaduna a 1992 ya rasa hannunsa na dama, shi kuma Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Kowannensu yana da dalilin ramuwa. Amma a 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu a nan garin. Hannun Fasto bai tsiro ba, zuciyarsa ce ta warke. Ni a ganina, wannan ita ce warkarwar da Yesu Almasihu ya koyar, da ya yafe wa waɗanda suka gicciye shi.

Haka kuma da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 100 na sakandaren Bethel Baptist a watan Yulin 2021, a harabar makarantar iyaye suka riƙa taruwa suna addu'a. Addu'ar ba ta dawo da yaran a rana ɗaya ba, kashi-kashi aka sako su, amma ita ta hana iyayen zaucewa.

To, ga inda damuwata take. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 jari ya karye, sai masu sayar da ruwan addu'a da man shafawa suka yawaita. Mace ta kwashe kuɗin ƙosanta ta kai wa mai alkawarin mu'ujiza, ta dawo gida babu jari babu sauƙi. Haba jama'a! Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna tare da shi a ƙasa, ko anini ba su karɓa ba. Ta'aziyya ta gaskiya ita ce wadda 'yan Zumuntar Mata ke yi, su zo gidan makoki da mudun masara da itace, su yi waƙa, su kwana da gwauruwa. Mara lafiya kuma a yi masa addu'a, a kai shi asibiti.

Ina kira ga fastocinmu da su koma ziyarar gida-gida. Mu kuma kada mu bari baƙin ciki ya hana mu gaida maƙwabcinmu Musulmi, domin idan gobara ta tashi da dare, shi zai fara zuwa da bokiti kafin ɗan uwa ya tsallako gada.

Allah ya ba mu haƙuri da zaman lafiya, amin.

Naka mai karatu,
Kurmin Mashi, Kaduna.