Kun ji tausayin Anita, wa ya ji tausayin ƴar aikinku?



Yau kusan mako uku ke nan, duk fadar da ka zauna, kafin shayi na biyu ya nuna sai an ɗauko zancen fim ɗin nan na mutum-mutumi. Samarinmu masu zuwa Maraɗi ne suka kwaso shi a memwar, daga nan ya bi salula-salula har ya shiga cikin gidaje. Da Faransanci yake, wanda ya yi lakwal yana fassara wa sauran. Na yi niyyar in kame bakina, amma abin da kunnena ya ji da abin da idona ya gani ba za su bar ni ba.

Ga wanda bai gani ba, sunan fim ɗin Humans, wato "mutane". Mai dogon zango ne, tashar Channel 4 ta Ingila ta fara nuna shi a 2015, aka rufe a 2018 bayan zango uku, kowane zango kashi takwas. Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga wani fim na ƙasar Suwidin da ya fito a 2012. Labarin wata duniya ce irin tamu, sai dai a can kana iya shiga kanti ka sayi mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam sak, ba ka gane shi sai ta koren idonsa. Ya yi maka shara da wanki da girki da raino, da dare ya jona kansa da kuran ya yi caji kamar salula. Wani magidanci mai suna Joe ya ga aikin gida ya fi ƙarfinsa, matarsa Laura lauya ce, kullum tana wurin aiki, sai ya sayo mace ɗaya. Suka raɗa mata suna Anita.

Ra'ayin masu kallo a nan garin ya kasu uku. Na farko sun ce kafirci ne tsantsa, ana kwaikwayon halittar Allah, a goge shi daga wayoyin yara. Na biyu tsoro ya kama su, sun ce alamar tashin duniya ce, gobe injuna za su ƙwace noma da tuƙi da ɗinki. Na uku kuwa samari ne masu dariya. Da kunnena na ji wani yana cewa: "Wallahi in anka kawo irin wagga kasuwa, ko gonar gado sai in saida in saya. Ba sadaki, ba cefane, ba ta yaji, in ta dame ka ka kashe ta ka kwanta." Fada ta tuntsire da dariya.

Ni dai a ganina dukkanmu mun bar jaki muna dukan taiki.

Bari in fara da ƴan uwana masu cewa haramun ne, don su ne nake girmamawa. Inda kuke da gaskiya zan ba ku. Akwai wurare a fim ɗin da bai kamata yaro ya gani ba, har babba ma gara ya tsallake. Uban da ya bar ɗansa ɗan shekara goma da salula har tsakar dare yana kallon duk abin da aka tura masa, ya yi sakaci. Kuma ni ma ban yarda cewa ƙarfe da waya za su taɓa samun rai ba. Ruhu lamarin Ubangiji ne. Amma tambaya nake: da kakanninmu ke ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, akwai wanda ya tashi ya ce tsohuwa ta yi saɓo don ta sa gizo-gizo magana? Kowa ya san ba gizon ake nufi ba, maƙetacin unguwa ake nufi. Anita ma ai ba inji ba ce, mace ce mai jini a jika, ƴar wasa mai suna Gemma Chan. Sannan lokacin da fim ɗin Indiya na Rajinikanth ya zo, wanda ya fito a 2010, mai mutum-mutumi Chitti, gidajen kallo cika suka yi. Ban ji wanda ya ce a goge ba. Chitti rawa yake yi da faɗa, bai taɓa kowa a inda ke masa ciwo ba. Shi ya sa muka ƙyale shi.

Masu tsoro kuma, ku kwantar da hankali. Injin da ake da shi yau bai kai ko kusa da na fim ba. Sophia da aka yi ta yayatawa, wadda Saudiyya ta ba takardar zama ƴar ƙasa a Riyad a 2017, kamfanin Hanson Robotics ne ya ƙera ta, kuma ko tukunya ba za ta iya wanke maka ba. A Harami na Makka, a hajjin 2021, an sa injuna masu tafiya da kansu suna raba gorunan zamzam, duniya ba ta tashi ba. Mu da har yau hauya da kalme ke ci da mu, muna biyan kuɗi a yi mana cajin waya da hasken rana, ba mutum-mutumi ne matsalarmu ta bana ba.

To mene ne fim ɗin ke faɗi? Ku tsaya ku ji abin da na gani.

Satin da ya wuce na kwana Maraɗi a gidan wasu dangi. Bayan isha'i aka kunna fim ɗin a talabijin, uwargida da ɗiyanta suna kan kujera. Aka zo inda ake wulaƙanta Anita, sai na ga Hajiya ta goge ido da bakin mayafi tana cewa: "Wayyo baiwar Allah, mi ta yi musu?" Ba ta rufe baki ba ta juya ta ƙwala kira: "Ke! Ke yarinya! Kin mutu ne? Kawo ruwa!" Sai ga wata ƴar ƙarama ta shigo, in ta yi yawa shekara goma sha ɗaya, hannunta duk kumfar wanke-wanke, ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ta aje ruwa, ta ɗan tsaya bakin ƙofa tana leƙen talabijin. Aka ce: "Mi kike kallo? Wuce!" Da safe na tambaye ta garinsu. Ta faɗa mini. Daga nan inda nake rubutun nan zuwa ƙauyensu, mai babur ba zai ƙone lita ɗaya ba. Ɗiyarmu ce. Kwana biyu na yi a gidan, ban ji an kira sunanta ko sau ɗaya ba.

A fim ɗin, daga baya ake gane cewa Anita ba sunanta ba ne. Sunanta Mia. Sace ta aka yi, aka goge abin da ke kanta, aka sayar da ita a matsayin sabuwa. Tana da ƴan uwa da ke nemanta. Ku gaya mini, wannan labarin Ingila ne ko labarin bayan girbi a ƙauyukanmu? Kowa ya san yadda ake yi. Da an ɗaure gero an kai rumbu, sai dillaliya ta zo. Ta tara yara mata, ta zuba su a mota, Maraɗi ko Yamai ko a tsallaka Najeriya. Uwa ta ce a tara kuɗin kayan ɗaki. Kuɗin wata kuwa tsakanin uwargida da dillaliya ake yin sa, yarinya ba ta san nawa ba ne. Uban ma da yawa in ka tambaye shi unguwar da ɗiyarsa take, sai ya ce "tana birni". Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce mai cin ƙanzo. Anita ko banza ana barin ta ta yi caji.

Akwai wurin da ya fi wannan ɗaci, kuma shi ne wurin da masu dariyar fada suka fi so. Wata rana matar gida ba ta nan, Joe ya nemi Anita, ya yi abin da ya yi, ya ce mata kada ta faɗa wa kowa. A zuciyarsa ai kaya ce, kuɗinsa ya sa ya saya. Ƴar uwarta Niska kuwa gidan karuwai aka kulle ta, har ranar da ta gaji ta kashe wani ta gudu. Yanzu mu faɗa wa juna gaskiya. Yara nawa suka dawo daga aikatau da ciki? In ta dawo wa ake zagi? Ita. A ce ta lalace, ta zubar da mutuncin gida, a yi sauri a aurar da ita ga duk wanda ya samu. Maigidan birni ko ɗansa kuwa ranar Juma'a yana sahun gaba, babu mai tambayarsa. Kai saurayi mai son mace marar baki wadda za ka kashe ka kunna, ka sani ba mata kake nema ba, baiwa kake nema. Kuma wadda ake yi wa haka yau a wani gida, mai yiwuwa ƙanwarka ce.

Kalmar "robot" kanta daga bauta ta fito. Wani marubuci ɗan ƙasar Cek mai suna Karel Capek ne ya fara amfani da ita a wasan kwaikwayonsa na 1920, daga kalmar harshensu "robota", wato aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. Kakanninmu sun san wannan a jikinsu. Sun ɗauki kayan Nasara a ka, sun fasa hanya ba ko dala, sai a 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulki. Kada kuma wani ya ce zancen da ne. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifukan da doka ke hukuntawa. Hadijatou Mani, a yankin Birnin Ƙonni, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta miliyan 10 na saifa. Ƙonni ba Ingila ba ce, titi ɗaya ne ya haɗa mu.

Na san abin da za a ce: "Malam, talauci ne. Kai za ka ciyar da su?" Gaskiya ne, talauci ne. Damina ba tabbas, ga ƴan bindiga sun hana noma a wasu gonakin bakin iyaka, ga baƙin da suka gudo mana daga Sakkwato da Zamfara tun 2019, su ma da ɗiyansu. Ban ce aikatau haramun ba ne, kuma akwai iyayen gida na ƙwarai da suka riƙe ɗiyan mutane kamar nasu, suka sa su makaranta, suka yi musu aure na mutunci. Allah ya saka musu. Amma talauci bai hana uba sanin ƙofar gidan da ɗiyarsa ke kwana ba.

Ku masu kishin addini, ga inda kishin zai yi amfani. Kun fi ni sanin hadisin Abu Zarri, inda Annabi (SAW) ya nuna cewa masu yi mana hidima ƴan uwanmu ne, a ciyar da su irin abin da ake ci, a tufatar da su irin abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Kun san Anas bin Malik ya yi masa hidima shekara goma ba tare da ya taɓa jin tsawa ba. Mun haddace, mun kai ƙarshe. Sau nawa muka ji huɗuba a kan haƙƙin ƴar aiki? Muryar da aka ɗaga a kan fim, a ɗaga rabinta a kan wannan.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiya. Yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba kada ta tafi, dokar aiki ta ƙasarmu ma ta hana. Wadda za ta tafi, uba ko wa ko kawu ya raka ta, ya ga gidan, ya ga inda za ta kwana. A yanka kuɗin wata a gaban shaida, yarinya tana ji. A ba ta damar kiran gida ko sau ɗaya a mako, ita kaɗai, ba uwargida tsaye a kanta ba. Masu gari da limamai su san kowace dillaliya, su rubuta ɗiyar wa ta ɗauka da inda ta kai ta. In yarinya ta dawo da ƙorafi, a fara sauraronta kafin a fara zaginta. Ku kuma ƴan uwanmu da Allah ya buɗa wa a Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, har ma da mu nan cikin gari masu riƙon ɗiyan dangi, kowa ya duba tsakar gidansa. Laifi tudu ne.

Wanda zai goge fim ɗin ya goge, wanda zai kalla ya tsallake inda bai dace ba. Ni ban damu ba. Amma yau da dare, kafin ka ce "ke, kawo ruwa", ka tambayi kanka ko ka san sunanta da sunan ubanta, da abin da ta ci yau.

Allah ya tsare mana ɗiyanmu a duk inda suke, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.